Sassumbrum: An ɗaga shekarun ritaya zuwa 62, amma malaman sakandare na neman ƙofar fita tun da wuri

A shekarar 2023, 'yan watanni kafin sojoji su kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, hukumomin Jamhuriyar Nijar suka ɗaga shekarun ritayar ma'aikatan gwamnati daga 60 zuwa 62. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago sun yi maraba da matakin, kuma ga ma'aikacin ofis a Yamai ko cikin birnin Damagaram, ƙarin shekara biyu yana nufin ƙarin albashi na wata 24 da fansho mai ɗan kauri.

A makarantun sakandare na karkara lissafin ya sha bamban. A ƙaramar hukumar Sassumbrum da sauran garuruwan gundumomin Magarya da Dungas, a kudancin jihar Damagaram, tambayar da ke gaban malami ita ce ko zai iya kai wa shekarun nan yana tsaye gaban allo. Mafi yawan masu koyarwa kuwa dokar ba ta ma shafe su ba, domin ba su da ritayar da za su jira.

Sassumbrum na cikin gundumar Magarya, dab da iyakar Najeriya ta ɓangaren jihar Katsina. Ƙidayar 2012 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutane sama da dubu 70, kuma yankin na cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a duk faɗin ƙasar. Dungas, wadda ke gabas, an cire ta ne daga Magarya aka yi mata tata gunduma a 2011. Nan ba Tillaberi ba ce, inda 'yan bindiga suka sa aka rufe ɗaruruwan makarantu, kuma ba Diffa ba ce. Abin da ke korar malami a nan ba ya ƙara kamar bindiga, shi ya sa ba kasafai yake shiga labarai ba.

Malamai iri uku a makaranta ɗaya

Wanda ya shiga kwalejin karkara a Nijar, wato CEG mai aji huɗu da ke ƙarewa da jarrabawar BEPC, zai tarar da mutane suna aiki iri ɗaya amma matsayinsu a wurin gwamnati ba ɗaya ba ne. Akwai cikakken ma'aikaci mai lambar aiki, wadda ake kira matirikil. Shi ne mai albashi, mai hawa mataki, mai fansho a asusun CARENI. Akwai ɗan kwantiragi, wanda abin da ake ba shi a ƙarshen wata ba a ma kiransa albashi, sai dai pekil. Sannan akwai ɗan bautar ƙasa, matashin da ya gama jami'a aka turo shi ya yi shekara biyu, wanda kowa ya san ranar tafiyarsa tun ranar da ya zo.

Su ukun ɗalibai na kiransu da suna ɗaya, mushe. Mai karatu a Kano kada ya firgita: kalmar Faransanci ce ta girmamawa da bakin Bahaushe ya lanƙwasa, ba mushen dabba ba. A da, sunan yana da nauyi a ƙauye. Mushe ne ke karanta wa mutane wasiƙa, shi ake tambaya in takardar hukuma ta zo, kuma ba a yi masa wahalar aure.

Saboda wannan rabuwa, ritaya da wuri tana da ma'ana fiye da ɗaya. Ga mai lamba, tana nufin ya ajiye aiki kafin lokaci ya karɓi abin da shekarunsa suka tara, ko ya nemi hutu ba albashi da dokar ma'aikata ta yarda da shi, ko ya nemi a ba da aronsa ga wata ma'aikata. Ga ɗan kwantiragi babu takardar cikewa mai yawa. Hutun damina ya zo, ya ɗaure katifarsa a bayan babur, watan Oktoba ya kama, ba a sake ganinsa ba. Wannan tafiyar ba ta shiga lissafin masu ritaya, amma ajin da ya bari a buɗe yake kamar na wanda ya yi ritayar.

Lokacin da gwamnati ce ta kore su

Abin mamaki shi ne ritaya da wuri a Nijar ba malamai ne suka fara neman ta ba. Dole aka yi musu.

A shekarun 1990 baitulmalin ƙasar ya bushe. An karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994, ma'aikata suka riƙa bin gwamnati bashin albashi na watanni, yajin aiki ya yi yawa har aka soke wasu shekarun karatu ɗungurungum. A ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da asusun IMF suka tsaya a kai, gwamnati ta rage ɗaukar sababbin ma'aikata ƙwarai, sannan a ƙarshen shekarun aka kawo dokar da ke tura ma'aikaci ritaya da zarar ya cika shekara 30 yana aiki ko shekara 55 da haihuwa. Malamin da ya fara koyarwa yana ɗan shekara 20 sai ya wayi gari a gida yana da 50, daidai lokacin da ya fi sanin aikinsa. Ƙungiyoyin ƙwadago sun yi shekaru suna faɗa da dokar kafin a soke ta a zamanin Mamadou Tandja, kuma dokar ma'aikata ta 2007 ta tsayar da shekarun ritaya a kan 60.

Giɓin da tsofaffin suka bari an cike shi da arha. A 1998 aka fara ɗaukar waɗanda ake kira 'yan sa-kai na ilimi, ana ba su jika 35 a wata, daga baya aka mayar da su 'yan kwantiragi. An fara ne da firamare, tsarin ya haura zuwa sakandare. Ta fuskar adadi dabarar ta yi aiki: an buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa gani ba, yaran da ke shiga aji suka ninka. Amma abin da aka ce na wucin gadi ne ya zama shi ne tsarin, har 'yan kwantiragi suka fi masu lamba yawa a ajujuwan ƙasar.

Tun daga nan, manyan buƙatu biyu ne ba sa ɓacewa daga takardun yajin aikin ƙungiyoyi irin su SNEN da SYNACEB da gamayyar CAUSE-Niger: a biya pekil a kan kari, kuma a ɗauki 'yan kwantiragi cikakken aikin gwamnati. Ana ɗauka lokaci zuwa lokaci, kashi-kashi, amma layin ya fi ƙofar faɗi.

A nan ne dokar 62 ta raba kan malamai ba tare da an lura ba. Fansho ya dogara ne da yawan shekarun aiki da matakin da mutum ya kai. Wanda ya daɗe a kwantiragi, bai sami lamba ba sai yana da shekara 40, shekara 22 ce kawai ke gabansa, don haka ƙarin shekara biyu alheri ne gare shi. Wanda ya sami tasa lambar yana ɗan 25 kuwa, in ya kai 62 ya yi shekara 37 yana shaƙar ƙurar alli. Shi ne ke fara ƙirga kwanaki tun yana da hamsin da 'yan kai. Shi kuma wanda har yanzu yake jiran lamba yana kallon shekarunsa na tafiya, ga iyakar shekarun ɗaukar aiki na matsowa, shi ne ya fi kowa dalilin neman wata hanya tun da sauran ƙarfinsa.

Ajin da ya fi ƙarfin mai shi

Kuɗi ba su ne kaɗai ba. Malamin lissafi ko na tarihi da aka turo kwalejin karkara ya zo ne da shirin koyar da darasinsa, sai ya tarar da aikin da ba a horar da shi a kansa ba.

Ana koyarwa da Faransanci. Yaron Sassumbrum kuwa Hausa yake yi a gida, da ita yake ciniki a kasuwa, rediyon da yake ji da fina-finan da yake kallo daga Kano duk Hausa ne. Binciken PASEC, wanda ke auna karatun yara a ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare ne suka kai matakin karatu da ake buƙata. A zagayen 2019 an sami ci gaba, adadin ya kai kusan kashi 30, wanda har yanzu yana nufin bakwai cikin goma ba su kai ba. A tsakanin nan kuma an soke jarrabawar kammala firamare ta CFEPD na kusan shekara goma, sai a 2024 aka dawo da ita. A tsawon lokacin, ajin farko na kwaleji ya cika maƙil da yaran da da yawansu ba sa iya karanta abin da aka rubuta a allo.

Malamin da ke gaban irin wannan aji zaɓi biyu gare shi. Ko ya bi manhaja kamar yadda sufeto zai tambaye shi, ya yi magana da yara biyar ko shida na layin gaba, sauran su kwafa abin da ba su gane ba. Ko ya koma Hausa ya fara daga tushe, ya san ba zai gama manhajar ba kafin jarrabawa. Kowanne ya ɗauka, laifin a kansa yake sauka ranar da sakamako ya fito. A 2021, kusan ɗalibi ɗaya cikin biyar ne kawai ya ci BEPC a duk ƙasar. Mutum ya yi shekara goma yana ganin irin wannan sakamako, ko ba a faɗa masa ba zai fara tambayar kansa amfanin tsayuwar da yake yi.

Kundin da hukumomin soja suka kafa a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. A yanki irin Magarya wannan zai iya zama sauƙi ga malami da ɗalibi, amma sai an rubuta littattafan lissafi da kimiyya na sakandare da Hausa, an horar da masu koyar da su, an kuma sauya harshen jarrabawa. Kafin nan, mushe zai ci gaba da fassara a tsaye.

Sai kuma ɗakin karatun kansa. A lokacin Bazoum gwamnati ta ce akwai ajujuwan zana kusan dubu 36 a ƙasar. Ba a kafa su sai an yi girbi an sami kara, don haka makarantar da aka ce ta buɗe a farkon Oktoba wani lokaci ba ta kankama sai Nuwamba, kuma ruwan farko na Mayu ko Yuni ke rufe ta. Tsakanin nan akwai hunturu da ƙurarsa, akwai zafin Afrilu. Malamin da ke ɗaga murya a rumfar da ba ta da bango, aji na kusa na jin sa yana jin su, maƙogwaronsa ne ke fara biya. Gobarar makarantar unguwar Pays-Bas a Yamai a watan Afrilun 2021, wadda ta kashe yara 20, da ta Maraɗi a watan Nuwamban shekarar, wadda ta kashe fiye da haka, sun ƙara wa masu koyarwa a zana wani nauyin da ba a rubuta a kwantiraginsu ba. A 2024 ma ambaliya ta sa aka ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, saboda wasu ajujuwan sun rushe, wasu kuma waɗanda ruwa ya raba da gidajensu ne ke ciki.

Ɗaliban ma ba sa zama. Kwalejin karkara na ɗibar yara daga ƙauyuka da dama, wasu su taka kilomitoci da ƙafa, wasu a ajiye su gidan mai riƙo a garin da makarantar take. In rumbun mai riƙon ya yi ƙasa, yaro ya koma gida. Samari na tafiya ci-rani bayan girbi, 'yan mata ana ɗauke su a yi musu aure duk da dokar 2017 da ke kare karatun 'ya mace. Ajin da ya fara da cunkoso a shekarar farko, kafin a kai shekara ta huɗu sai ka ƙirga su da yatsu.

Iyaka a kusa, kasuwa a kusa

Abin da ya bambanta Magarya da Dungas da sauran yankunan karkara shi ne malami a nan yana ganin wata hanyar rayuwa da idonsa kowane mako. Daga Magarya hanya ta miƙe zuwa Babban Mutum a jihar Katsina. Daga Dungas ana sauka Maigatari a jihar Jigawa, inda kasuwar dabbobi ke tara 'yan kasuwa daga ƙasashen biyu. Wake da riɗi da gyaɗa da dabbobi na gangarawa kudu, kayan masarufi na haurowa arewa, kuma naira na yawo a kasuwannin ƙauye kafaɗa da kafaɗa da sefa.

Malamin da ya yi shekaru a yankin ya san farashin tiya lokacin kaka da farashinta a bazara. Ya san tsohon ɗalibinsa da bai ci BEPC ba, wanda yanzu ke loda buhuna a mota yana kuma ba shi rance in wata ya yi nisa. Da yawa suna farawa ne da kaɗan: ajiyar wake, kiwon rago biyu don babbar salla, ɗan shagon cajin waya. Ranar da ribar gefe ta wuce pekil, koyarwa ta zama ita ce aikin gefe, kuma daga nan zuwa ajiye alli ba nisa.

Iyakar ba kullum take da daɗi ba. Cire tallafin man fetur da Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayun 2023 ya tayar da farashin man bumburutu da baburan yankin suka dogara da shi, kuma babur shi ne ƙafar malamin ƙauye: da shi yake zuwa Magarya ko Damagaram, mai nisan kusan kilomita 100 daga Magarya, don karɓar kuɗinsa ko bin wata takarda. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya rufe iyakar har zuwa watan Maris na 2024, Najeriya ta yanke wutar da take bayarwa, kaya suka yi tsada. A gefe guda faɗuwar naira ta sa mai riƙe da sefa ya fi ƙarfin saye a kasuwannin ƙetare. Wannan ya ɗan taimaki mai albashi, amma ya fi taimakon mai jari, abin da ya ƙara wa kasuwa kwarjini a idon malami.

Wasu kuma ba kasuwa suke nufa ba. Mai digiri daga jami'ar André Salifou ta Damagaram ko Abdou Moumouni ta Yamai sau da yawa ya karɓi kwantiragin koyarwa ne don kada ya zauna haka nan, yana jiran gasar shiga kwastan ko 'yan sanda ko wata ma'aikata. Ƙungiyoyin agaji ma na ɗauka. Likitocin MSF suna aiki a Magarya tun 2005, kuma lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke ƙamari ana buƙatar ƙarin hannu, haka ma sauran ayyukan raya karkara na neman wanda ya iya rubuta rahoto da Faransanci ya kuma iya magana da mutanen ƙauye. Babu wanda ya fi malami cika wannan sharaɗi.

Hanya mafi shiru ita ce ta neman sauyin wurin aiki. Mai lamba da ya gaji ba lallai ne ya ajiye aiki ba. Yana iya neman a mayar da shi birni, ko ofishin sufeto, ko ya zama mai kula da ɗalibai, inda zai jira 62 ɗinsa ba tare da ya sake riƙe alli ba. Malamai mata da yawa na bin mazajensu zuwa birni, kuma doka ta ba su dama. A takardar ma'aikatar ilimi ba a rasa kowa ba. A Sassumbrum an rasa malamin lissafi, kuma masu lissafi da kimiyya su ne suka fi wuyar mayewa, har ta kai wanda ya karanta wani fanni daban ne ke riƙe darasin.

Ba Nijar kaɗai ba

Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Ya kuma nuna yawan malaman firamare da ke barin aiki a duniya ya kusan ninkawa, daga kashi 4.6 cikin 100 a 2015 zuwa kashi 9 a 2022.

Maƙwabciya Najeriya ta bi hanya irin ta Nijar, har ta zarce. A watan Afrilun 2022 Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 ana aiki. Ƙasashen biyu sun nemi riƙe malami ta ƙarshen aikinsa, alhali inda ake yoyo a farko ne da tsakiya. Ƙara shekaru ba ya cin kuɗi da yawa nan take, har ma yana jinkirta biyan fansho. Ba da lamba ga dubban 'yan kwantiragi, da gina aji na bulo, da ba malamin ƙauye alawus ɗin da zai sa ya fi na birni samu, su ne masu tsada.

Gwamnati ma tana da nata ƙorafin a kan malamai, kuma ba duka ne na banza ba. A watan Yulin 2017, lokacin minista Daouda Mamadou Marthé, an yi wa 'yan kwantiragin firamare jarrabawar gwaji duk da adawar ƙungiyoyinsu. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka sami rabin maki, kuma dubbai sun rasa aikinsu. Iyaye a karkara su ma suna kuka da malamin da ke tafiya karɓar kuɗi ya yi mako bai dawo ba, da yajin aikin da ke cinye watanni. Sai dai jarrabawar ta bar wani darasi a zukatan 'yan kwantiragi na kowane mataki: shekarun da ka yi a aji ba su hana a sallame ka da takarda ɗaya.

Hukumomin yanzu, ƙarƙashin ministar ilimi Dakta Elisabeth Shérif, sun gaji wannan tsari da dukkan basussukansa, a lokacin da tallafin waje ya ragu kuma tsaro ke cin kaso mai yawa na kasafin kuɗi. A matakin ƙauye kuwa, kwamitin iyaye na COGES ne ke ɗaukar abin da ya iya: tara kara a kafa rumfa, nemo wa baƙon malami ɗakin kwana, wani lokaci a haɗa masa 'yan tiyoyin hatsi don ya zauna. Kowace shekara in damina ta ja baya, daraktan kwaleji kan jira jerin sunayen waɗanda aka sauya wa wurin aiki da waɗanda aka turo, kuma sai ranar da aka buɗe makaranta yake sanin ko mutum nawa ne daga cikinsu za su zo.